Yayen da Na Yi Don Tashar Jirgin Ruwa

Daga Fagge, Kano, ranar Talata.
Zuwa ga maigidana, a wurin aikin sabuwar tashar jirgin ruwa, Ikko.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ladabi, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen da kuke kwana ɗaki ɗaya. Ina gaida helumanku, shugaban leburorin, ko da yake ban san shi ba. Ina gaida wanda zai karanta maka, don na san kai ma kamar ni sai an karanta maka, kuma na san ba za a rasa mutum huɗu ko biyar a tsugune suna saurare ba. To su ji. Su yafe mini in na faɗi abin da mace ba ta faɗa a gaban maza. Malamin da yake rubuta mini a nan kusa da gidan waya na Sabon Gari, na roƙe shi ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kar ya gyara mini.

Bayan gaisuwa, Malam, tashar nan za a buɗe ta lokacin da ka ce, ko ba za a buɗe ba? Na tambayi duk wanda zan iya tambaya a garin nan, kowa da tasa.

Bari in maimaita maka saƙonka yadda Audu mai goro ya kawo shi, ko ni ce ban ji daidai ba. Ya tsaya a zaure ya ce ka ce sati biyu bayan Babbar Sallah za a buɗe. Ya ce heluma ya yi maka alkawarin wurin sayar da tuwo a cikin shingen tashar, saboda leburorinmu na Arewa sun gaji da garin rogo. Ya ce matar da take nan ranar buɗewa ita za a ba wurin, ba a ajiye wa kowa. Ya ce Bature ba ya yarda a shiga shingen da goyo, don haka in yaye yaron nan, in bar shi wajen gwaggonka Asabe a Rijiyar Lemo, in hau jirgin ƙasa na Alhamis ta biyu bayan Sallah. Alhamis ɗin nan ita ce jibi. Haka ka ce, ko akwai abin da ya ƙara?

Na tambaye shi ma me ake buɗewa. Ni ruwan da na sani kududdufin bayan gidanmu ne, sai Jakara, sai kogin Wudil da na gani sau ɗaya ina yarinya. Na ce ƙofa aka yi wa tekun? Ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ke dai ki iya tuƙa tuwonki, ba ke za ki tuƙa jirgin ba." Ya ce jiragen da za su riƙa tsayawa a nan gida ne bisa gida, cike da Turawa, ba fatauci suka fito ba, ba aikin hajji ba, ba su da ɗan'uwa a garin. Wai su sauka su kalli gari su koma ciki, jirgi ya kai su wani garin su sake kallo. Har yau ban gane wannan ba. Amma na ce tunda kai ka gani da idonka, shi ke nan.

Ka tuna ranar da na raka ka tasha? Ka karɓi yaron ka ɗaga shi sama ya ga hayaƙin jirgi, ka ce, "Kafin ya fara tafiya na samo mana wuri." Bai fara ba tukuna. Yana dai bin bango, in ya kai bakin randa ya tsaya ya waigo ya ga ko ana kallonsa.

Da na je na gaya wa Gwaggo ba ta ji daɗi ba. Ta buɗe bakinsa ta ƙirga, ta ce, "Wata goma sha huɗu, haƙori shida, a ce a yaye? Gudun me ake yi?" Na ce umarninka ne. Ta ce to, tunda ubansa ya faɗa.

Ranar Juma'a aka yi. Komai an yi shi yadda ake yi, kar ka ce an rage wani abu. Malamin unguwa ya yi rubutun yaye aka wanke aka dama masa a kunu. Na dafa wake aka raba sadaka. Gwaggo ta shafa mini maɗaci ta ce in ba shi. Ya kama ya saki, ya dube ni, ya sake kamawa ya saki. Bai yi kuka nan da nan ba, sai da ya gama dubana. Ta ɗauke shi ta goya. Ka san ɗan fari ne, ba a so a ga idona a kansa, matan gida duk suna tsakar gida suna kallo. Na shige ɗaki na kama tsintar shinkafar da na riga na tsince. Ina jin muryarsa har suka sha kwanar masallaci.

Kafin ta fita ta leƙo ta ce mini, "Kar in ga ƙafarki sai ranar tafiya. Kuma ki sani, nonon da ya kwana a jiki ya lalace. Wanda aka yaye ba a mayar da shi, zawo ne zai tafi da shi." Na ce na ji.

Ranar Asabar na tashi ƙirjina kamar an cusa duwatsu. Na ɗaure da zani na fita. A nan zan nemi gafararka, don daga ranar nan zuwa yau na fita sau da yawa ba da izininka ba, babu wanda zan tambaya. Kasuwar Sabon Gari na je in sayi babbar tukunya da muciya da kwanonin da za a riƙa zuba wa leburori. A layin masu kwano na haɗu da Maman Ladi, 'yar Zariyan nan Kirista da nake yi wa kitso, wadda mijinta akawu ne a reluwe. Ta dubi gaban rigata ya jiƙe, ta dubi bayana babu goyo, ta ce, "Hauwa, ina mijin nawa?" Haka take kiransa. Na gaya mata komai, har ina jin daɗin faɗa.

Ta ajiye kwandonta ƙasa ta ce, "Wace tasha? Ai an ɗaga. Baban Ladi ya karanta mana a jarida, wai ƙarafan ɗaga kaya ba su iso daga Ingila ba, sai bayan damina, ko ma baɗi."

Wallahi Malam sai na ji kasuwar ta yi mini nisa. Da ta ga yadda na yi, sai ta riƙe hannuna ta ce in tsaya, wataƙila ba wannan ba ce, Ikko tasha ba ɗaya ba ce, akwai ta kaya akwai ta mutane, ita ba ta riƙe wacce ya karanta ba. Ta ce za ta nemo jaridar. Da ta je gida ta tarar an riga an ƙunshe ƙosai da ita.

Tukunyar dai na saya. Ban san me ya sa ba. Na biya na ce a ɗaure mini ita.

Ranar Lahadi na je gidan da Audu yake sauka. Ya ce, "Jarida? Takarda ce fa, kowa ya ga dama ya rubuta. Ni da idona na ga ana shafa fenti, fari da shuɗi, har da wurin rataya tuta." Na ce yaushe ka gani. Ya ce da zai taho. Na ce ai ka fi wata a Kano. Ya ce to abin da ake yi wa fenti ai ya ƙare, wa ya taɓa shafe ginin da bai gama ba? Na ji hankalina ya ɗan kwanta. Ina kaiwa bakin ƙofa sai ya ce, "Amma fa Turawan nan sukan shafa fenti in babbansu zai zo dubawa." Na tsaya ina jira ya ƙarasa, shi kuwa ya koma kan huhun goronsa.

A gida ma ban huta ba. Matar ɗakin ƙarshe ta dubi cikina ta ce wa ta kusa da ita, yadda zan ji, "Yaye da wuri haka, miji kuma ba ya gari." Na gaya maka ne don ka ji daga bakina kafin wani ya kawo maka. Allah ya sani, kai ma ka sani.

Jiya Litinin na je tashar jirgin ƙasa na tsaya wajen ƙofar fita har jirgin Ikko ya shigo. Ni da ban taɓa tsayar da namijin da ban sani ba, jiya na tsayar da ya fi goma. Wani ya ce bai taɓa jin labarin tashar ruwan ba. Wani dattijo ya ce ai an buɗe tun da azumi, har an yi kiɗa. Matarsa ta ce ba tasha ba ce waccan, kasuwa ce. Suka tsaya suna musu a gabana, 'yan dako suna ture mu.

Can na ga wani da naɗaɗɗen hannu da tabarma a kafaɗa, ya ce sunansa Tanko, a wurin nan ya yi aiki har ƙarfe ya faɗo masa. Ya ce gini kam an gama, amma yashi ya cike bakin wurin, babban jirgi ba ya iya matsowa. Ya ce, "Su kwashe da safe, teku ta mayar da yamma. In ka tambayi heluma ya ce sati mai zuwa. Tun ina da hannu biyu yake cewa sati mai zuwa." Na ce to za a buɗe ko ba za a buɗe ba? Ya ce ana iya buɗewa ko jirgi bai zo ba, a yanka ƙyalle a tafa a watse. Na ce in jirgi bai zo ba akwai leburori? In babu leburori wa zai ci tuwon? Ya ce wannan kuma sai Allah.

Na sa wata mata 'yar unguwarmu da na gani a wurin ta faɗa masa sunanka, tunda ni ba na faɗa, na ce ya san ka? Ya ce masu sunan nan a wurin sun fi uku. Na ce dogo, mai tsaga a kunci. Ya ce biyu daga ciki dogaye ne.

Na dawo gida da maganganu huɗu a kaina, ba wadda ta yarda da 'yar'uwarta. An ɗaga. Ana fenti. An riga an buɗe. Yashi ya hana. Ni kuma ga ƙirji yana zuba, na canja zani sau uku. Na zauna na ce, in an ɗaga sai baɗi, to me ya sa na raba shi da nono yanzu? Da baɗin ai ya isa yaye da kansa. In kuma ba a ɗaga ba, na ƙi zuwa, na kunyata ka a gaban heluma, wurin ya tafi hannun wata. Duk inda na juya sai in ga ni ce mai laifi.

Yau da safe ban yi shawara da kowa ba, na kama hanyar Rijiyar Lemo. Na ce daga zaure kawai zan leƙa in dawo.

Gwaggo ba ta nan, ta fita nemo masa magani, ta bar shi da wata tsohuwa maƙwabciyarta. Yana kwance a tabarma a gindin bango. Malam, kwana huɗu ne kawai fa. Idonsa ya zurma, maɗigarsa ta faɗa, wuyan nan mai ninki ya zama kamar na ɗan tsako. Tsohuwar ta ce tun Juma'a ba ya karɓar komai, kunu ya ture, fura ya ture, sai ruwa, shi ma da ɗura. Ta ce kwana biyu yana kuka, na uku muryar ta tafi. Kar ka ga laifin Gwaggo, tsohuwar ta ce ko abinci ba ta iya ci, tana ta yawo da shi a baya.

Da ya gan ni bai miƙo hannu ba. Ya juya fuskarsa bango. Na tsuguna na ce masa ni ce. Sai ya laluba ya kama bakin zanina, fuskar tana bango, ya riƙe.

Maganar Gwaggo tana kunnena, zawo ne zai tafi da shi. Maman Ladi kuma ranar nan a kasuwa ta ce mini malamar asibitinsu ta ce nono ba ya lalacewa a jikin mace ko ya yi sati. To wa zan bi? Gwaggo ta yaye 'ya'ya sun fi goma, nata da na mutane. Malamar asibiti ta yi karatu, amma ban san ko ta taɓa haihuwa ba.

Sai na tuna abin da marigayiya Innata take yi wa mai jego in ana shakkar nononta. A tatsa a ludayi a jefa tururuwa. In ta yi iyo ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, ba a ba yaro. Na karɓi ludayi wajen tsohuwar na zaga bayan ɗaki, na wanke jikina sosai, na tatsa. Na kamo tururuwa a gindin murhu. Da ɗaya zan sa, sai na ce bari in sa biyu don in tabbatar.

Ɗaya ta yi iyo ta hau bakin ludayin ta fice abinta. Ɗayar ta zaga sau biyu ta tsaya cik.

Na zauna da ludayi a hannu ina kallo. Inna ba ta taɓa gaya mini abin da ake yi in ɗaya ta fita ɗaya ta tsaya ba, ita ɗaya take sawa. Na sa tsinke na taɓa ta, ta motsa ƙafa ɗaya. Ban sani ba ko motsin rai ne ko tsinken ne ya ture ta. Ina cikin haka na ji shi daga tsakar gida, ba kuka ba, wani ɗan sauti kamar ƙofa in iska ta taɓa ta.

Na ajiye ludayin, ban jira na ga ƙarshenta ba. Na ɗauke shi na ba shi.

Da farko ya ƙi, yana jin tsoron ɗacin nan. Na ɗiga masa a leɓe. Ya lasa, sai ya kama da hannu biyu. Yana sha yana ajiyar zuciya, yana sha yana kallona, bai rufe ido ba. Tsohuwar tana cewa innalillahi, yarinya me kike yi, ni kuwa ko ɗaga kai ban yi ba. Kunyar ɗan farin ma ban san inda ta shiga ba.

A haka Gwaggo ta shigo ta same mu. Ta tsaya da ƙullin magani a hannu tana kallonmu. Sannan ta ce, "Kin mayar da yaye. A gidanmu ba a taɓa yi ba. Ɗauki ɗanki, ni ba zan karɓe shi sau biyu ba. In wani abu ya same shi, ke za ki gaya wa ubansa da bakinki." Tana faɗa tana share ido. Ita ta ɗora mini shi a baya ma, ta gyara masa kai.

To ga shi ina gaya maka da bakina. Daga can ban biya gida ba, nan na zo.

Yana bayana yanzu. Ya sha sau uku, ya yi ɗan amai sau ɗaya, ya yi barci. Jikinsa da ɗumi, ban sani ba ko zazzaɓi ne ko ranar da muka sha a hanya ce. Ɗazu na sauke shi na duba, babu zawo tukuna. Na ci karo da Maman Ladi a nan Sabon Gari, ta ce gobe da sassafe za ta raka ni asibitinsu. Ban san ko ceto shi na yi ba, ko cutar da shi. In ka tambaye ni yanzu wallahi ban sani ba.

Na san ka sha wuya kafin ka samo alkawarin nan. Audu ya ce har kayan heluma kake ɗauka zuwa gidansa bayan an tashi aiki. Na san ba don kanka ka yi ba. Ni ma ba tuwon ne ya sa na yarda ba, tunda an ce in faɗi gaskiya. Masu saurare su kawar da kai. Wata takwas ke nan ina dafa abincin mutum ɗaya, har yanzu hannuna bai koyi awon ba, kullum sai ya ragu. Ina so in zo inda kake. Ko ɗakin kwano ne, ko rumfa ce.

Amma ba zan iya sake shafa maɗacin nan ba, Malam. Ko da a ce yanzu wani ya zo ya rantse mini da Alƙur'ani gobe za a buɗe, ba zan iya ba. Ka tambayar mini heluma, a wajen shingen fa? In mace ta kafa murhunta a bakin hanya da goyonta, Bature zai kore ta? In ba zai kora ba, ka aiko, yaron yana samun ƙarfi za mu taho mu biyu. In kuma an buɗe an ba wata wurin, ka yafe mini. Ka ce musu laifin matarka ne, ba kai ka saɓa alkawari ba.

In jirgin jibi ya iso wajenku kar ka tsaya kana duba taragon mata. Takardar nan ce za ta sauka, ni ina Fagge.

Allah ya tsare ka daga ƙarfe da ruwan nan da ban sani ba. Allah ya sa abin da na ba yaron nan ya zame masa magani, in kuma akwai cuta a ciki Allah ya mayar da ita kaina. Allah ya huci zuciyar Gwaggo, ya huci taka. Allah ya haɗa fuskokinmu mu uku da rai da lafiya. Amin.

Ka sa a rubuto mini ko layi biyu ne, ka ce ka ji.

Ni ce matarka,
Hauwa.
Yatsan da aka dangwala a ƙasa nawa ne.